Zamewar Giya Ba Mutuwarta Ba Ce: Martani Ga Mai Shafin Motoci

A makon jiya mai shafin motoci na wata jaridar Hausa ya amsa tambayar wani direba da ke da tsohuwar Sienna mai giyar atomatik. Direban yana ɗaura mata 'yar tirela yana kai kayan biki ƙauyuka: rumfuna, kujeru, janareta. Kukansa shi ne, in ya hau tudu da kaya sai inji ya yi ta ruri, mota kuwa ba ta ƙara sauri. Amsar da aka ba shi ta tsaya a kan abu uku. Wai giyar atomatik in ta fara zamewa ta gama aiki. Wai kada ya kuskura ya taɓa man giya, domin tsohon man ne ke riƙe da ita. Sai kuma ya zuba maganin nan mai kauri ya lallaɓa, har ya tara kuɗin giyar Beljiyam, wato tsohuwar giya da aka ciro daga wata mota aka shigo da ita. Marubucin ya ƙara da cewa sa mota a na'urar kwamfuta asarar kuɗi ce kawai.

Malam, da dukkan girmamawa, wannan shawara za ta sa mutane su zubar da giya mai rai, ta kuma sa su kashe wadda za su saya a madadinta. Na san ba kai ka ƙirƙiro ta ba. Maganar da ake yi ce a kusan kowane gareji daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka, har ta zama kamar dokar sana'a. Amma wanda ke rubutu a jarida dubban mutane ke karanta shi, kuma mafi yawansu motar nan ɗaya ita ce jarinsu.

Akwai inda ka yi gaskiya. Faifan kulocin da ke cikin giya, waɗanda makanikai ke kira faiba, in suka ƙone suka siɗe, babu man da zai dawo da su. Wannan ba musu. Inda muka saɓa shi ne, ta yaya ka san sun ƙone? Ba ka ga motar ba. Ba ka tambayi direban launin mansa ba, ba ka tambaye shi ko da safe take yi ko sai ta ɗau zafi ba, ba ka tambaye shi nauyin abin da yake ja ba. Ka yanke mafi tsadar hukunci a kan jimla ɗaya.

Giyar atomatik da mai take rayuwa. Man shi ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giya a cikin kombata, wato tulun ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giyabos. Shi ne famfo ke turawa da ƙarfi ya matse faiba wuri ɗaya domin giya ta kama. Shi ke sulɓanta haƙoran ƙarfe, shi ke kwashe zafi ya kai lagireto. Don haka zamewa tana zuwa ta hanya biyu: ko dai faiban sun siɗe ba su da abin kamawa, ko kuma suna nan lafiya amma matsin da ke danne su ya yi rauni. Hanya ta biyun tana da sanadi da yawa, kuma galibinsu ba su kai a sauke giyabos ba. Mai ya ragu, famfo yana zuƙo iska. Filta ta toshe. Solinoid, wato ƙaramin bawul mai aiki da lantarki, ya maƙale. Waya ta tsinke ko datti ya cika soket. A tsofaffin giyoyin Toyota na shekarun 1990 akwai ma wata kebul da ke tasowa daga totur zuwa giyabos, ita ke ƙara matsin mai gwargwadon yadda aka taka. In ta saki, giya za ta zame alhali cikinta ƙalau yake. Abin takaicin shi ne, duk wanda ya ci gaba da jan kaya da raunin matsi, shi ne zai ƙona faiban da hannunsa cikin ɗan lokaci. Shawararka ta lallaɓawa ke nan: ta mai da ƙaramin gyara babba.

Kafin ma a zo nan, sai an tabbatar zamewa ce. Direbobi suna kiran abubuwa daban-daban da wannan suna. Zamewa ta gaskiya tana da shaida a dashbod: allurar gudun inji ta yi sama, allurar gudun mota ta tsaya inda take. In kuwa mota tana fizga ne ko tana karkarwa a kan tudu, allurar injin ba ta tashi ba, to a fara duba filogi da koyil, domin inji mai silinda shida da ke tsallake wuta a ɗaya, ƙarƙashin nauyi yake nuna kansa, kuma mutane da yawa sun ɗora wa giya laifinsa. Akwai wata karkarwar kuma da ke zuwa a matsakaicin gudu, da ɗan taka totur kaɗan, kamar an hau kan titi mai tsage-tsage. Wannan sau da yawa kulocin cikin kombata ne, wanda ke kulle inji da giya su juya tare in mota ta miƙe hanya. Gwajinsa ba ya cin ko kwabo: a riƙe totur yadda yake, a ɗan taɓa burki da ƙafar hagu gwargwadon yadda fitilar baya za ta kama. Kwamfuta za ta saki kulocin nan take. In karkarwar ta ɗauke, an san inda matsalar take, kuma tsufan mai ko man da bai dace ba shi ne babban abin zargi.

Tarihin irin waɗannan motoci cike yake da giyoyin da aka sauke ba su mutu ba. Kamfanin Chrysler na Amurka, wanda ya fito da Dodge Caravan a 1984, ya sa mata giyar A604 mai aiki da kwamfuta a 1989. Wannan giya in kwamfutarta ta ga abin da ba ta gane ba, sai ta kulle mota a giya ta biyu domin ta kare kanta. Direba ya ji inji na ihu mota ba ta sauya giya, ya ce ta lalace. A lokuta da dama sansar auna gudu ce ta mutu, 'yar aba da ake kuncewa daga waje, ko kuma tarin solinoid ɗinta. Wasu kuma man Dexron aka zuba musu a maimakon man da aka yi domin su, wanda a yau ake kira ATF+4, sai suka shiga karkarwa da bugu.

Wannan ya kawo mu ga mai, inda na fi so mu daɗe. A kasuwa ana sayar da man giya kamar duk jan mai ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Sienna ta farko, daga 1998 zuwa 2003, Dexron take sha. Wadda ta biyo ta a 2004 mai giya biyar da T-IV ta fara, daga baya Toyota ta koma WS, wanda ya fi tsinkewa, kuma kamfanin da kansa ya hana a musanya su. Honda Odyssey tana da nata, Z1 a da, DW-1 yanzu. Bambancin ba na launi ba ne, na yadda man ke barin faiba su kama ne, a hankali ko da fizga. Sunan man da ya dace yana rubuce a jikin geji ko a littafin mota. Yadda ake aunawa ma ya bambanta. A Toyota, sai mota ta yi zafi, tana kan daidaitacciyar ƙasa, an bi da sandar giya ta kowane matsayi an dawo P, inji yana aiki, sannan a zaro geji. A Honda kashe inji ake yi a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya auna Honda da tsarin Toyota zai ƙara man da ba a buƙata, mai ya yi yawa ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse komai. Ƙarancin mai da yawansa duka zamewa suke haifarwa.

A goga gejin a farar takarda a duba, a kuma shinshina. Ja mai haske ko ruwan ƙasa-ƙasa marar warin ƙuna, giya tana da sauran rai. Baƙi mai ƙauri kamar an babbaka roba, an riga an yi ɓarna a ciki, sai dai a auna girmanta. In kuwa man ya koma ruwan hoda mai kauri kamar an dama shi da madara, to ruwan lagireto ne ya shiga. Bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto yake kwance, kuma a wurinmu inda ake cika lagireto da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji na gaskiya, tsatsa takan huda shi. Ruwa yana ɓanɓare faiba daga jikin ƙarfensu. Mai irin wannan mota in ya bi shawararka ya ɗora giyar Beljiyam bai sauya lagireto ba, sabuwar ma ruwan za ta sha.

Yanzu ga maganar cewa sabon mai ne ke kashe tsohuwar giya. Na san daga inda ta samo asali. Mutum ya yi shekaru bai taɓa man giya ba. Ranar da ta fara zamewa sosai sai ya tuna, ya je aka sauya, bayan mako biyu ta tsaya cak. Ya koma gida yana cewa sabon mai ya kashe masa giya. An bar jaki ana dukan taiki. Giyar tana kan hanyar mutuwa tun kafin ya shiga garejin, dalilin shigarsa ke nan ma. Dubban da suka sauya mai a kan kari giyarsu ta ci gaba da aiki ba sa zuwa majalisa su ba da labari, sai wanda tasa ta mutu ake ji. Akwai 'yar gaskiya a cikin maganar, ban ɓoye ta ba: in faiba sun siɗe ƙarƙaf, garinsu da ke yawo a tsohon mai yakan ɗan taimaka su kama, in an zubar da shi sai zamewar ta fito fili. Amma giyar da garin jikinta ne kawai ke riƙe da ita ba giyar da za a ja tirela da ita ba ce ko da kwana ɗaya. Haka kuma wanke giya da injin da ke tura mai da ƙarfi yana iya tayar da datti ya cusa shi cikin ƙananan hanyoyin bawul, shi ya sa Honda ba ta yarda da shi ba. Abin da ake yi shi ne a kunce noti a tsiyaye abin da ya fita, lita 3 zuwa 4 daga cikin kusan lita 8, domin sauran yana maƙale a kombata, a mayar da daidai adadin, a yi tafiya, a maimaita sau biyu ko uku. Kai ka haɗa wannan da wancan ka haramta su gaba ɗaya.

Kuma tsiyaye mai bincike ne a kan kansa. In an sauke farantin ƙasan giyar Sienna za a tarar da maganaɗisu a ciki. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsu ba abin tsoro ba ne, kowace giya tana yin sa. Ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli da za a ji a yatsa, ko baƙaƙen gutsattsari kamar ƙonanniyar takarda, su ne shaidar da za a nuna wa mai mota a ce masa sai an buɗe. Tsohuwar Odyssey ba ta da irin wannan faranti, amma notin tsiyayar manta yana da maganaɗisu, shi ma yana ba da labari. Direban da ka hana taɓa mai ka hana shi ganin wannan shaida.

Lokacin da zamewar ke zuwa shi ma magana yake yi. Wadda ke jinkirin kamawa da sanyin safiya, ta warware in ta yi zafi, a zargi ƙarancin mai, ko filta, ko robobin sil da suka ƙandare. Wadda ke lafiya da safe, sai an yi tafiya mai nisa ta fara, matsi ne ke tsiyaya in mai ya tsinke da zafi, ko famfo ya gaji ko bawul sun ci jiki. Wadda ke saki a kwana ko a taka burki da ƙarfi, kusan ko da yaushe mai ne ya yi ƙasa. Wadda ke zamewa a giya ɗaya tak, kulocin wannan giyar ne ko solinoid ɗinta. Wadda ke zamewa a kowace giya, gaba da baya, a koma kan famfo da filta. Makanikin giya na ƙwarai yana da agogon auna matsi da ake ɗaurawa a jikin giyabos, kuma littafin gyaran kowace mota ya faɗi adadin da ya kamata a gani.

Batun kwamfuta kuwa, na fahimci fushinka. Akwai masu jona na'ura su goge fitilar cek injin su karɓi kuɗi, ba su karanta komai ba. Laifin nasu ne. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD-II, kuma Sienna da Odyssey da ke titunanmu daga can mafi yawansu suka fito. P0715 yana nuna sansar gudun shiga giya, P0720 ta gudun fita. P0741 kulocin kombata ne ba ya kullewa yadda ya kamata. P0730 da 'yan uwansa har zuwa P0735 suna cewa gudun shiga da na fita ba su dace da giyar da aka umarta ba, wannan ce zamewar da kwamfuta ta gani da idonta. P0300 zuwa P0306 kuma suna wanke giya su nuna inji. Na'ura mai kyau tana nuna zafin man giya kai tsaye yayin da ake tuƙi, a motocin da ke da sansar hakan, kuma ga mai jan kaya babu adadin da ya fi wannan muhimmanci.

Domin abin da amsarka ta tsallake gaba ɗaya shi ne tirelar. Ba ka ce komai a kanta ba, alhali ita ce tushen zancen. Sienna da Odyssey na wancan zamani an ƙayyade musu jan fam 3,500, kusan kilo 1,590, kuma da sharaɗin suna da kayan ja da kamfani ya tanada. Honda ta wajabta ƙarin kular man giya, wato na'urar sanyaya shi, ga mai ja. Nauyin tirelar kanta yana cikin lissafi, kuma duk mutum ko buhu da aka ƙara a cikin mota yana rage abin da za ta iya ja. Mu kuwa mukan cika kujeru, mu danne but, mu ɗaura a bisa, sannan mu jona tirela, a watan Afrilu da zafin Kano ke wuce digiri 40. Man giya yana son ya zauna tsakanin digiri 80 da 95. In ya haura 120 ya daɗe a can, yana ƙonewa da sauri, robobin sil suna ƙandarewa. Mafi yawan wannan zafi a kombata ake haifarsa, duk lokacin da kulocinta ya saki mai kaɗai ke ɗauke da nauyi. Mota mai kaya da ta tunkari Hawan Kibo a hanyar Jos an bar ta a D, za ta yi ta hawa giya ta sama tana saukowa, kowace sauyawa faiba suna goguwa, kombata tana dafa mai. Maganin yana hannun direba: a mai giya huɗu ya danna O/D OFF, a mai biyar ya ja sanda zuwa 4, ko 3 in tudun ya tsananta. Inji zai ɗaga murya ya ƙara shan fetur kaɗan, giya kuwa ta huta.

Akwai wata al'adar tamu da ke ƙara wutar. Ana cire tamostat wai don kada inji ya yi zafi. Kwamfutar Toyota ba ta barin kombata ta kulle sai ta ga inji ya kai zafin aikinsa. Injin da aka cire wa tamostat, musamman da safiyar hunturu, yakan daɗe bai kai ba, giya tana ta aiki a sake. Sai direba ya ga allurar zafin inji a ƙasa ya yi murna, bai san man giya na can yana dahuwa ba.

Ban ce babu giyar da aka haifa da rauni ba. Odyssey ta 1999 zuwa 2004 ta yi suna da wannan, har Honda ta tsawaita garantin giyar wasu shekarun, kuma a 2004 ta kira ɗaruruwan dubban motoci, ciki har da Odyssey ta 2002 zuwa 2004, saboda haƙoran giya ta biyu ba sa samun isasshen mai suna ɗaukar zafi. Gyaran da aka yi wa da yawansu ƙarin bututu ne mai fesa mai a wurin. Ka lura, kamfanin da ya ƙera giyar ma a kan zafi da mai ya tsaya. Wannan tarihi kuma shi ne hujja mafi ƙarfi a kan giyar Beljiyam da kake yaba wa, domin wadda ke jingine a shago daga irin waɗannan motoci aka ciro ta, ba wanda ya san tafiyar da ta yi ko abin da ta ja, garantinta kuwa na 'yan kwanaki ne, yakan ƙare kafin a hau tudun farko da kaya.

Maganin kaurin da ka ba da shawara yana kumbura robobi ya ƙara wa mai danƙo. Zai iya ɓoye alamar na ɗan lokaci, shi ya sa dillalai ke son sa kafin su kai mota kasuwa. Ga mai jan tirela kuwa, mai kauri ya fi wuyar ratsa toshasshiyar filta da ƙananan hanyoyin kula, kuma yana gurɓata shaidar da makanike zai karanta.

In an bi duk waɗannan, aka tarar mai baƙi ne, faranti cike da gutsattsari, matsi daidai amma giya na zamewa, to a nan ne maganar buɗewa ko sauyawa ta halatta, kuma ni ma zan ce a yi. Sai dai da sharuɗɗan da ba ka ambata ba. Dattin tsohuwar giya yana nan kwance a bututai da cikin kular lagireto, in ba a wanke su sosai ko an sauya ba, mintin farko da aka tayar da inji zai kwarara cikin sabuwar. Kada a mayar da tsohuwar kombata, domin ita ce rumbun dattin kuma ba ta wankuwa ta waje. A tabbatar lambar giyar da aka sayo ta dace da shekarar motar da kwamfutarta, ba kamannin jiki kawai ba. A mayar da tamostat, a tabbatar fankoki biyu suna tashi. A ɗaura ƙarin kula a gaban lagireto, man ya fara bi ta lagireto sannan ya ratsa ta kafin ya koma giya, a kuma ƙara ɗan man da zai cike ta. Sannan a kai tirelar da kayanta kan sikelin da ake auna manyan motoci a ga nauyinta na gaskiya. In ya wuce kilo 1,590, a raba kayan sawu biyu ko a nemi a-kori-kura, kuma mai irin wannan aiki ya riƙa tsiyaye man giya kusan duk kilomita 40,000, bai jira ya yi baƙi ba.